Wasiƙa Mai Jimla Biyar: Yadda Wani Aji Ya Koyi Bin Sawun Magana

Malamar da ke koyar da ɗaliban kiwon lafiyar al'umma 'yan shekara ta biyu ta shigo laburare rungume da takardun jinga, ta zube su a kan teburina. "Malam, ba kai ka yi musu darasi a farkon zango ba? To ga abin da suka kawo mini." Ba faɗa ta zo yi ba, amma da ganin fuskarta ka san ta kwana tana duba takardun nan.

Gaskiyarta, ni na yi musu darasin. Minti 50 aka ba ni a mako na biyu, kamar yadda aka saba ba kowane ma'aikacin laburare. Na kunna majigi, na nuna musu rumbunan bayanai da kwalejin ke biyan kuɗinsu, na nuna yadda ake haɗa kalmomi a akwatin bincike don a taƙaita sakamako ko a faɗaɗa shi, na raba musu takarda mai jerin tambayoyin tantance madogara. Sun gyaɗa kai, wasu har da rubutu. Da na ce ko akwai tambaya, aka yi tsit. Na koma ofis ina ganin na sauke nauyi.

Abin da takardun suka nuna

Jingar ita ce kowa ya zaɓi wata matsalar lafiya ya rubuta shafi biyar a kanta, ya kafa hujja da maƙala biyar daga mujallun ilimi. A ido kowa ya cika sharaɗi. Manazarta biyar-biyar, sunan marubuci da shekara da shafi, komai a jere. Sai da muka zauna ni da malamar muna buɗe madogaran ɗaya bayan ɗaya asiri ya tonu. Wata ɗaliba ta kafa hujja da maƙalar da ƙarshenta ya rushe abin da take son tabbatarwa. Tsakuren kawai ta karanta, shi ma layi biyun farko. Wani ya ɗauko maƙala daga irin mujallun nan da ke buga duk abin da aka aiko musu muddin an biya. Akwai kuma takarda guda da muka nemi ɗaya daga cikin madogaranta sama da ƙasa ba mu same ta ba, domin ba a taɓa rubuta ta ba.

Babu wanda ya rasa abin karantawa a cikinsu. Abin da ya haɗa takardun duka shi ne kowa ya ɗauki magana a inda ya tsince ta, bai bi sawunta ya ga daga ina ta fito ba.

Inda darasina ya sha ƙasa

Laifi na farko na lokaci ne. A mako na biyu ko batu ba su zaɓa ba. Mutumin da ba shi da abin nema, in ka nuna masa hanyar nema, ka yi shuka a idon makwarwa. Carol Kuhlthau, wadda ta daɗe tana bin diddigin yadda ɗalibai ke gudanar da bincike, ta kasa aikin mataki shida a rubutunta na 1991, ta kuma nuna cewa ruɗani da shakka sun fi tsananta a mataki na uku, lokacin da ɗalibi ya fara karatu ya tarar bayanai suna karo da juna, alhali bai tsayar da inda ya dosa ba. A nan yake bukatar a kama hannunsa. Ni kuwa na zo makonni kafin nan, na tafi. Wani binciken da Alison Head da abokan aikinta suka fitar a 2010, wanda ya tambayi ɗalibai sama da 8,000 a manyan makarantu 25 na Amurka, ya samu kashi 84 cikin ɗari sun ce fara aikin shi ne mafi wuya gare su. Ni kuma duk mintina 50 a kan danna maɓallai suka ƙare.

Shirun da suka yi ma na yi masa gurguwar fahimta. Tun a 1986 Constance Mellon ta karanta rubuce-rubucen ɗalibai a kan yadda suke ji game da laburare, ta tarar kashi 75 zuwa 85 suna kwatanta shigarsu ta farko da tsoro. Kowa yana zaton shi kaɗai ne bai iya ba, saboda haka ba zai yi tambaya ya kunyata kansa ba. Na san wannan binciken tun ina ɗalibi, amma ranar da na tsaya gaban aji sai na ɗauki shiru a matsayin an gane.

Laifi na biyu na takardar da na raba ne. Jerin tambayoyin nan da ake kira CRAAP, wanda Sarah Blakeslee ta tsara a wata jami'ar Kalifoniya a 2004, yana sa ɗalibi ya duba ko rubutu sabo ne, ko ya dace da batu, wane ne marubucin, ko bayanin daidai ne, da kuma manufarsa. Tambayoyi ne masu kyau. Matsalar ita ce ɗalibi yana amsa su ne daga cikin shafin da yake tuhuma, kamar alƙalin da ya tambayi wanda ake ƙara ko shi mutumin kirki ne. Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun gwada wannan a 2017. Sun ba masana tarihi 10, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗaliban jami'ar 25 shafukan intanet na ƙungiyoyi biyu na likitocin yara masu suna kusan iri ɗaya. Ɗaya an kafa ta tun 1930, mambobinta sun haura 60,000. Ɗayar kuma ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle a 2002 saboda saɓanin ra'ayi. Masu tantance labarai ba su daɗe a shafin ba, suka fita suka buɗe wasu shafuka suna neman abin da duniya ke faɗi a kan kowace ƙungiya, kuma dukkansu suka gane wadda ta fi cancantar a dogara da ita. Ɗaliban sun tsaya suna karanta shafin daga sama har ƙasa, suna duba tambari da tsari da yawan manazarta, mafi yawansu suka zaɓi ƙaramar. Irin karatun da na koya wa ajina ke nan.

Cinikin da muka yi da malamar

Na roƙe ta kada ta ba da maki tukuna, ta mayar musu da takardun su sake, ta kuma ba ni zama uku a cikin ajinta. Ta ce, "Malam, ina da manhaja da zan kammala. Zama uku ai rabin wata ne." Muka daidaita a kan darasi ɗaya cikakke da biyu na minti 20. Na ƙara roƙo biyu: a rage madogara daga biyar zuwa uku, sannan a ware maki na musamman ga wata 'yar takarda da kowa zai cika a kan kowace madogara, ya faɗi wanda ya yi binciken, a kan su wa aka yi shi, su nawa ne, da kuma shafin da maganar da ya ɗauko take. Rage yawan ya yi mata nauyi, tana ganin kamar sassauci ne. Na ce mata biyar ɗin da ba a karanta ba ai ga su nan a gabanmu.

Zama na farko

Ban kunna majigi ba. Na rubuta jimla ɗaya a allo: bincike ya nuna cewa da wuya magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi, dangin mofin, su zame wa majiyyaci jaraba. A ƙasa na rubuta madogara: Jane Porter da Hershel Jick, New England Journal of Medicine, 1980. Na ce su auna ta da takardar da na raba musu a baya. Mujallar tana cikin mafi daraja a duniyar likitanci, tun 1812 ake buga ta. Marubutan masu bincike ne a wata cibiyar sa ido kan magunguna a Boston. Wani ya ce ta tsufa, wata ta amsa masa cewa jikin ɗan Adam bai canja ba tun 1980. Aka yi dariya, aka yarda madogara ta yi.

"To ku nemo mini ita," na ce. "Ba wanda ya ambace ta nake so ba, ita kanta."

Sun ɗauki kusan minti goma. Wasu sun faɗa kan maƙalun da suka ambace ta suka ce sun samu, na ce su koma. Can wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu, tana jan allon wayarta sama tana sake ja. "Malam, tawa ba ta buɗe duka ba. Ina sauran?"

Babu saura. Abin da ake kira bincike wasiƙa ce zuwa ga edita, sakin layi ɗaya, jimla biyar. Na sa ta karanta da ƙarfi, muna fassarawa jimla-jimla. Marubutan sun duba bayanan majiyyata 39,946 da ke kwance a asibiti. Daga cikinsu 11,882 an ba su irin wannan magani aƙalla sau ɗaya. An samu mutum huɗu kacal da aka rubuta cewa maganin ya zame musu jaraba, cikin waɗanda ba su da tarihin haka.

Na tambaye su: ƙarya marubutan suka yi? Aka ce a'a. To jimlar da ke allo fa? Nan aka fara gardama, kuma ita nake jira. Wani ɗalibi da bai ce uffan ba tun farkon zango ya ce, "Waɗannan a gadon asibiti suke, nas ce ke ba su, tana ƙirgawa. Wanda aka ba kwalba ya tafi gida ya yi wata shida yana sha, ba a yi maganarsa ba." Ya gama darasin da bakinsa. Wasiƙar ba ta faɗi yawan maganin da aka ba kowa ba, ba ta bi kowa gida ba, ba ta kuma taɓa batun masu ciwo mai daɗewa ba.

Sai na ba su ƙarshen labarin. A 2017 wasu masu bincike a Kanada sun ƙirga rubuce-rubucen ilimi da suka kafa hujja da wannan wasiƙa, suka samu 608. Kashi 72 cikin ɗari sun ambace ta a matsayin shaidar cewa jaraba ba ta cika faruwa ba, kuma kusan kashi 81 ba su faɗi cewa majiyyatan a kwance suke a asibiti ba. Ambaton ya ƙaru sosai bayan fitowar OxyContin, wani magani daga wannan dangi, a tsakiyar shekarun 1990, kuma an yi amfani da maganar wajen kwantar wa likitoci hankali su riƙa rubuta magungunan. Annobar da ta biyo baya a Amurka ta ci rayuka dubu ɗaruruwa. Wasiƙar ba ita kaɗai ta jawo haka ba, amma ta yi tasirin da ya sa mujallar ta liƙa mata gargaɗi a samanta a wannan shekarar. Waɗanda suka yi ta yaɗa maganar ba 'yan aji biyu ba ne. Likitoci ne da farfesoshi, wani ya ji daga wani, wanin ma ya ji daga wani.

Ɗalibar layin baya ta ce, "Ashe isnadi ne." Ban taɓa kawo kwatancen a raina ba, amma ya zauna daram. Wanda ya san yadda malaman hadisi ke bin mai ruwaya ɗaya bayan ɗaya har tushe, suna tambayar wane ne shi, ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga ranar ajin ya daina cewa "takardar madogara", sai "takardar isnadi".

Sauran zama biyun

Zama na biyu kowa ya zo da madogaransa. Doka ɗaya na kafa: kafin ka karanta maƙala, fita ka nemi labarin mujallar a wani wuri. Na ba su labarin John Bohannon, wanda a 2013 ya ƙirƙiri maƙalar bogi a kan wani sinadarin da wai yana yaƙar ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da kowane masani zai gani, ya aika wa mujallu 304 da ake karantawa kyauta, 157 suka karɓa. Na ja musu kunne cewa kyauta ba ita ce alamar ruɓa ba, domin akwai mujallu na ƙwarai da ba a biyan ko sisi a karanta su, kuma kundin DOAJ mai jera mujallun kyauta da aka tantance, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, yana taimakawa wajen rarrabewa. Ɗalibin da ya ɗauko maƙala daga mujallar kuɗi ya gano tasa da kansa cikin minti uku: an yi alkawarin tantancewa da bugawa cikin 'yan kwanaki, kuma mujalla ɗaya tana buga aikin gona da lissafi da haƙori.

A nan ne kuma bayanin rumbun bayanai ya samu masu saurare. Wata mai rubutu a kan hawan jini ga masu juna biyu ta ce ta nema babu komai. Na duba, ashe tambayarta ta rubuta sukutum a akwatin, jimla mai kalma goma sha wani abu, da kalmomin da ake faɗa a baka. Likitoci suna da nasu sunan ga cutar. Na ce ta buɗe Wikipedia ta samo sunan. Ta zaro ido: "Malam, ai an hana mu." An hana ku kafa hujja da ita, na ce, ba a hana ku shiga ta nan ku fita ta ƙasan shafi inda manazarta suke ba. Da ta sa sunan a PubMed, rumbun maƙalun likitanci, sai ga sakamako ya yi mata yawa, kuma a lokacin ta tambaye ni da kanta yadda ake taƙaitawa. Abin da na yi minti 20 ina nunawa a majigi ba wanda ya riƙe, ta koye shi a tsaye cikin minti biyu.

Mai madogarar da babu ita bai jira zama na uku ba. Ya same ni a ofis, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hannu. "Malam, wallahi ban ƙirƙira ba. ChatGPT na tambaya ya ba ni." Na yarda da shi. Sunan mujallar na gaske ne, marubucin ma akwai shi kuma a fannin yake rubutu, taken ne da lambar shafi aka ƙera. Na nuna masa yadda abin yake: irin wannan manhaja tana jera kalmomin da suka fi kama da abin da ya kamata ya biyo baya ne, saboda haka tana iya ƙera madogara mai kyan gani kamar yadda take ƙera kowace jimla. Muka ɗauki lambar DOI da ta ba shi, wato lambar shaidar da ake ba maƙala, muka saka, ba ta kai mu ko'ina ba. Na gaya masa cewa a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukunce shida da manhajar nan ta ƙirƙira. Ya ɗan saki jiki da ya ji manya ma sun faɗa ramin. Da izininsa muka yi zama na uku a kan wannan misali, ba tare da an faɗi mai shi ba. Ban hana su amfani da manhajar ba, don na san hanin ba zai bi su ɗaki ba. Sharaɗin dai shi ne duk madogarar da ba ka buɗe da idonka ba, ba ta shiga takardarka.

Abin da ya canja da abin da ya ƙi

Takardun da suka dawo sun fi gajarta, kuma maganganun da ke ciki sun rage kaifi. Inda da aka rubuta "bincike ya tabbatar", yanzu sai ka ga "wani bincike da aka yi a kan mata masu juna biyu a asibiti ɗaya ya samu". Malamar ta ce wannan shi ne karo na farko da ta ga ɗalibanta suna faɗin a kan su wa aka yi bincike. Madogarar bogi ba ta sake fitowa ba. Rabin yabon na makin da ta ware ne. Ɗalibi yana zuba ƙarfinsa inda ya ga maki, kuma da ban samu wannan ba da labarin wasiƙar ya tsaya a labari mai daɗin ji.

Abin da bai motsa ba shi ne ɗinkin jimloli, wato a ɗauko jimlar marubuci a canja kalma biyu a ce an rubuta. Rebecca Moore Howard da Sandra Jamieson sun duba takardu 174 na ɗalibai daga manyan makarantu 16 a Amurka, suka tarar kashi 46 na abin da aka ɗauko daga shafin farko na madogara yake. Namu ma haka. Takardar isnadi ta tura su zuwa sashen da ke bayanin yadda aka yi bincike, amma ba ta koya musu karanta maƙala mai shafi 15 su taƙaita ta da kalmominsu ba. Wannan aikin zango guda ne, kuma na malamin aji ne fiye da nawa.

Wata matsala kuma ni na haife ta. 'Yan kaɗan sun fita daga darasin wasiƙar da ra'ayin cewa kowa maƙaryaci ne. Ɗaya ya ƙi amfani da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, wai shi ma wa ya sani. Sai da na zaunar da shi na tuna masa cewa waɗanda suka bankaɗo yadda aka karkatar da wasiƙar masu bincike ne, kuma a mujallar da ta buga ta suka buga nasu. Ƙungiyar laburaren manyan makarantu ta Amurka, ACRL, da ta maye gurbin ƙa'idojinta na 2000 da sabon tsari a 2016, ta sa a cikinsa cewa cancantar mai magana tana tafiya ne da fage da kuma bukata. Faɗin haka a takarda yana da sauƙi. Ka sa ɗan shekara ashirin ya yi shakka daidai gwargwado, kada ya haɗiye komai kada kuma ya tofar da komai, ban gama gano yadda ake yinsa a minti 20 ba, kuma a zango mai zuwa zan ba wannan ɓangare lokacinsa tun a zaman farko.

Ga kuma lissafin lokaci. Aji ɗaya ya ci mini zama uku, da yini guda na duba takardu, da masu sallama a ofis. Azuzuwan kwalejin sun fi ƙarfin ma'aikatan laburaren in kowa zai samu haka, shi ya sa darasin minti 50 ya ƙi mutuwa duk da kowa a sana'ar nan ya san rauninsa.

Ana saura mako biyu jarrabawa malamar ta sake shigowa, wannan karon da takarda ɗaya, tata ta lacca da take rabawa shekara da shekaru. Ta nuna mini wani adadi a shafi na biyu. Ɗalibar layin baya ce ta tare ta bayan darasi, cikin ladabi, ta ce, "Malama, don Allah wannan daga ina aka samo shi? Ina so in sa a takardata." Muka zauna muka bi sawu. Littafin da malamar ta ɗauko daga ciki ya jingina adadin ga wani rahoto, rahoton ya jingina shi ga jawabin da aka yi a wani taro, jawabin kuma bai ambaci kowa ba. Har aka fara kashe fitilun ɗakin karatu muna nan. Ta karɓi birona ta ja layi biyu a kan adadin, ta ninke takardar, ta ce in ajiye mata mako na biyar da na shida a zango mai zuwa.